Yadda Tela Ya Rage wa Mota Tsawo

Duk layin babu wanda ya taɓa gama yi wa tela Na-Sani bayani. Kana buɗe baki zai ɗaga maka hannu ya ce ya sani, ko da kuwa mafarkin da ka yi jiya za ka ba shi labari. Daga nan sunan ya fito, ya bi shi har ya danne nasa na gaskiya, shi kuwa yana amsawa da fara'a, don a ganinsa lambar yabo ce jama'a suka ba shi.

Ɗinki dai yana taɓawa, idan za ka iya haƙuri da wandon da ƙafarsa ta hagu ba ta san da zaman ta dama ba. Sai dai shi bai ɗauki kansa tela ba. Injiniya ne wanda ƙaddara ta zaunar a kan keken ɗinki. Bai taɓa mallakar mota ba, ko lasisin tuƙi ba shi da shi, amma bangon shagonsa cike yake da hotunan motocin tsere da ya yanko daga kalanda, wayarsa kuma cike da bidiyon masu gyaran mota. Ƙanwarsa Auta ta fi kowa sanin wannan baiwa tasa. Fankarta ya gyara, ta koma juyawa da baya. Rediyonta ya gyara, rediyon ya daina kama kowace tasha sai shuuu. Firjinta kuwa tun ranar da ya sa masa hannu ya zama kabad ɗin ajiye kwanuka.

Auta tana zaune da mijinta a gidan hayar da ke fuskantar shagon. Mijin malamin firamare ne, mutum mai sanyin hali wanda ko ɗalibansa ba sa tsoronsa, kowa kuma Malam yake ce masa. Shekara bakwai suka yi babu haihuwa. Shekara bakwai yana goya ta a bayan babur daga wannan asibiti zuwa wancan, a ruwa da rana. Da Allah ya sa ciki ya zo ya zauna, Malam ya yi mata alkawari guda ɗaya: ɗan nan a motar ubansa zai shiga gida, ba a bayan babur ba. Ya sayar da babur ɗin, ya sayi wata ƙaramar farar mota da ta ga duniya, ya shigo da ita tsakar gida yana gumi.

Shigowar ma aiki ce. Ƙofar gidan guda ɗaya ce, ba ta da ƙaramar ƙofar mutane, faɗinta kuma bai wuce faɗin motar ba sai da ɗan kaɗan, har sai an naɗe madubai. A bakinta akwai wani dogon tudun siminti da Baba mai gida ya gina bayan shekarar da ruwan sama ya shigo ya kwashe masa katifa. Baba yana son tudun nan fiye da yadda yake son wasu jikokinsa. Motar dai ta hau shi ta sauka lafiya, ko gogarsa ba ta yi ba.

Ran Talata Auta ta sauka lafiya, aka sami namiji. Likita ya ce jininta ya ɗan hau, za ta zauna a asibiti har Asabar da ƙarfe goma na safe. Daga kan gado, tana fama da kanta, ta riƙe hannun mijinta ta yi masa gargaɗi ɗaya: kada ya bar Yaya ya taɓa motar nan.

Laraba da safe Malam ya kira tsohon bakaniken bakin titi ya duba masa motar kafin ranar. Bakaniken ya buɗe murfin inji, ya saurara, ya zagaya, ya leƙa ƙasa. Ya ce motar tsohuwa ce amma mai mutunci. A canja baƙin mai, a sa sabon takalmin birki, a canja tayar baya ɗaya da ta suɗe. Sauran kuwa, tunda motarsa ce ta farko, ya bar ta yadda take har ya yi wata shida yana tuƙa ta ya san halinta. In ma daga baya zai canja wani abu, ya canja ɗaya-ɗaya, don in matsala ta taso ya san inda ta fito.

Na-Sani yana tsaye a gefe, tef ɗin awo a wuya, yana murmushin tausayi.

"Baba, wannan shawarar ta zamanin da ake tayar da mota da hannu ce," ya ce wa bakaniken. "Motar farko ita ce fuskar mutum. Abu uku take so: a gan ta, a ji ta, a ba ta hanya."

"Mota nawa ka taɓa gyarawa?" in ji bakaniken.

"A aikace ko a ilimance?"

"Mota nawa ka taɓa tuƙawa?"

"Likitan da ya karɓi haihuwar Auta namiji ne, Baba. Sau nawa ya taɓa haihuwa?"

Bakaniken ya dube shi, ya dubi Malam, ya ce Allah ya raya jariri. Ya yi aikinsa guda uku ya tafi.

Da a ce Malam yana da bakin cewa a'a, da labarin ya ƙare a nan. Amma zai koma asibiti ya tare a can har Asabar, kuma bai yarda da hannunsa ya shiga cunkoson gari da mota kullum ba. Na-Sani ya ce ai ba za a ɗauko sabon jariri a mota mai ƙura ba, a bar masa makulli ya sa a wanke ta. Malam ya tuna gargaɗin matarsa, ya auna a ransa cewa wanki ba taɓawa ba ne, ya miƙa makullin.

"Wanki kawai, Yaya."

"Na sani."

Malam bai gama shan kwanar layin ba Na-Sani ya rufe shago, ya bar wandunan mutane a rataye, ya tsallako da tef da alli. Ya zagaya motar sau uku yana girgiza kai. Abin da ya fi damunsa tsawonta. Mota ta tsaya can sama da ƙasa kamar wandon da ya ɗage wa mai shi, ana ganin har ƙwauri. Duk motocin da ke bangon shagonsa kwance suke da ƙasa. Ya san maganin abin, don ya gani a bidiyo: a ciro sifirin ɗin da ke kan kowace taya, wato murɗaɗɗen ƙarfen da ke ɗauke da nauyin mota, a yanke masa zagaye ɗaya. A wajen tela wannan ai rage ƙafar wando ne, aikin da yake yi ido a rufe, kamar yadda wandunan ke shaidawa.

Kada a zalunce shi, ya yi awo. Ya auna tudun Baba, inci biyar. Ya auna daga ƙasa zuwa tumbin mota, inci takwas. Idan aka rage biyu, saura shida. Inci guda kenan na rara, wanda a ɗinki ya isa kalmasa har da saura. Ya rubuta lissafin da alli a jikin bango don 'yan baya su amfana.

Alhamis da safe ya kawo mai walda, wani mutum da ba ya tambayar dalili muddin an nuna masa inda zai yanka. Aka ɗaga mota, aka ciro sifirin huɗu, Na-Sani ya shata kowanne da alli, aka yanke, aka mayar. Da aka sauke ta sai ga ta ta karkata hagu.

Na-Sani ya ja da baya, ya rufe ido ɗaya, ya ce na dama sun fi tsawo, a ƙara rage su. Mai walda ya buɗe baki a karon farko, ya fara cewa ai kamar tsakar gidan ce take da gangara wajen magudanar ruwa. Na-Sani ya ɗaga masa hannu ya ce ya sani, ya riga ya sa wannan a lissafi. Aka sake ciro na dama aka rage. Mota ta miƙe sambal.

Da la'asar aka juya ta ta fuskanci ƙofa, don ran Asabar a fita kai tsaye. Tana juyawa sai ta karkace fiye da na farko, har kwalbar ruwan da aka ajiye a kan rufinta ta gangaro. Duk wanda ya taɓa kai wa Na-Sani wando ya san abin da ke biyo baya. A rage wannan ƙafa ta yi daidai da waccan, sai ta zarce, sai a koma waccan. Kafin rana ta faɗi an ciro sifirin ɗin nan sau huɗu, guntayen ƙarfe sun taru a gindin bango, mota kuma ta durƙusa har kaza ba ta iya shiga ƙarƙashinta.

Baba mai gida ya fito da sandarsa ya daɗe yana kallo.

"Tela, wannan abin zai hau tuduna kuwa?"

"Baba, ga lissafi can a bango. Inci guda ne rara."

"Yaushe ka yi lissafin?"

"Jiya."

"To ai yau ka yi ta yanka."

"Tudun ya ƙara tsawo daga jiya zuwa yau?"

Baba ya ce bai ƙara ba. Na-Sani ya ce to shi kenan, lissafi yana nan. Baba ya koma ɗaki yana jin an cuce shi a maganar, amma ya rasa ta ina.

Juma'a aka shiga babi na biyu, wato a ji ta. Aka cire salansar motar, wadda ba ta taɓa yi wa kowa laifi ba, aka liƙa wani ƙaton bututu da mai walda ya samo a bayan shagonsa. Bututun ya yi wa wurin yawa, don haka ya ɗan lanƙwaso ƙasa a tsakiya. Aka kawo akwatin lasifika wanda sai da ƙarti uku suka ɗaga shi, aka cusa a but, aka yi masa walda da jikin mota don kada ɓarayi su yi sha'awa. Sai da aka gama aka tuna jak ɗin ɗaga mota da tayar ko-ta-kwana suna ƙarƙashinsa. Na-Sani ya ce motar da aka gyara da ilimi ba ta faci.

Wayoyin kuwa da kansa ya haɗa, yana bin launi kamar yadda yake zaɓen zare. Ya sa sabon hon mai kiɗa. Ya liƙa baƙar leda a gilasai, da kumfar iska a ciki nan da can. Daga ƙarshe ya ɗinka wa kujeru riguna da ragowar yadin labule mai furanni, kuma a faɗi gaskiya, wannan kaɗai ne aikin da ya zauna daidai.

Da aka tayar da ita don gwaji, tagogin gidan suka yi rawa. Wata mai jego a ɗakin ƙurya ta fito da tsintsiya. Matan gidan suka taru a baranda suna tambayar ko Malam ya san da wannan aiki. Na-Sani ya ce ba-zata ake shirya masa, kuma ran Asabar duk wanda ya yi dariya zai zo yana neman shawara, a lokacin kuwa sai an bi layi. Wankin dai ba a samu an yi ba.

Asabar da ƙarfe takwas Malam ya iso, idanunsa jawur saboda kwanan benci, fuskarsa kuwa cike da murna. Ya shigo tsakar gida ya wuce motar, ya duba bayanta, ya dawo. Sai da ya karanta lambar sau biyu.

"Yaya, wanki na ce."

"Na sani. Wanki na waje ne, ni na yi maka na ciki. Shiga ka ji yadda mota take."

"Ina ƙafafunta?"

"Suna nan. Ladabi ta koya."

Malam ya dubi agogo. Babu lokacin kuka. Ya shiga, Na-Sani ya zagaya ya zauna a gefensa, don bai kamata injiniya ya bar aikinsa ya fita ba rakiya ba. Na-Sani kuwa mutum ne mai jiki, zaman keke ya tara masa tumbi. Yana zama motar ta yi wani ɗan nishi ta ƙara sauka. Wannan ma bai shiga lissafin bango ba, kamar yadda akwatin lasifika bai shiga ba. Tela a tsaye yake auna mutum, ba ya tambayar abin da zai zuba a aljihu.

Aka buɗe ƙofa. Ƙarar bututu ta riga ta tara jama'a: masu shaguna, masu wucewa, masu jiran wandunansu tun Laraba. Na-Sani ya sauke gilashi yana ɗaga musu hannu. Malam ya taka birki don ya sa giya, sai hon ya ɓarke da kiɗa. Ya danna hon don ya kashe shi, sai abin share gilashi ya fara aiki.

"Sabon tsari ne," in ji Na-Sani. "Mu je. Ka ba ta wuta sosai, kada ka yi mata sanyin nan naka."

Malam ya ba ta wuta. Tayoyin gaba suka hau tudu suka sauka waje. Sai aka ji wata ƙara mai tsawo, irin ta tukunyar ƙarfe da ake ja a kan siminti, mota ta tsaya cak. Rabinta na gaba yana titi, rabinta na baya yana tsakar gida, tumbinta ya zauna daram a kan tudun Baba. Tayoyin gaba suna ta juyawa suna shafar ƙasa sama-sama, ba abin da suke kamawa.

Na-Sani ya fito cikin natsuwa ya shaida wa jama'a cewa wannan ba komai ba ne, sabon sifirin yana buƙatar ya saba. Ya ce a tura. Maza goma suka tura daga ciki, mota ta matsa taki ɗaya, lanƙwasar bututun ta sarƙe da ƙarfen da ake soka sakatar ƙofa a tsakiyar tudun. Ya ce a mayar da ita baya. Maza goma na waje suka tura, ta ƙi. Ya ce a ɗaga. Suka kama bambar gaba, ya ƙirga musu ɗaya, biyu, uku, suka ɗaga da ƙarfinsu, bamba ta taho a hannunsu ta bar motar a inda take.

Wani ya ce a kawo jak. Malam ya ce yana but. Na-Sani ya ɗan yi tari. Aka aika kiran mai walda ya zo ya yanke akwatin, aka tarar shagonsa a kulle, wayarsa a kashe. Mutumin ba ya tambayar dalili, amma ya san ranar da ba a zama a shago.

A lokacin ne mutanen cikin gida suka gane cewa an rufe su. Tsakanin mota da ginshiƙin ƙofa ko kyanwa sai ta rage ciki. Mai gadin banki da ke haya a ɗakin farko ya makara, ya hau ta kan but ya taka rufi ya diro ta gaba, ya bar sawun takalminsa a fenti. Mai sayar da ƙwai ta tsaya a ciki da kiret biyar a kai tana faɗa wa Na-Sani abubuwan da ba za a maimaita ba, har da tarihin zanen da ya ɓata mata shekara uku da suka wuce. Wani ya kawo shawarar a fasa tudun da guduma. Baba mai gida ya jawo kujera ya zauna a gefen ƙofa, ya ɗora sandarsa a cinya, ya ce mai gudumar ya fara da shi.

Wayar Malam ta yi ƙara. Ya duba, ya ga sunan Auta, ya mayar aljihu. Ƙarfe goma ta wuce da kwata.

Na-Sani ya ga haka, tsoro ya kama shi. Amma mai ilimi ba ya rasa dabara. Ya tsallaka shago ya ɓalle saman teburin yankansa, ya tura ƙarƙashin tayoyin gaba don su sami abin kamawa. Malam ya ba da wuta. Tayoyin suka kama katakon kuwa, suka tsage shi biyu, suka watsa guntayen ƙarƙashin mota. Hon yana ta kiɗa duk lokacin da Malam ya taka birki don firgita.

Sai Na-Sani ya buga goshi ya ce ya tuna. Ya taɓa ganin bidiyon wata babbar mota da ta maƙale, injiniyoyi suka rasa yadda za su yi, aka sace iskar tayoyinta ta wuce salin alin. Kafin kowa ya ce uffan ya durƙusa da tsinken allura a bakin tayar gaba, ya ce wa na cikin gida su yi wa na baya haka. Iska ta fita da shewa. Motar ta sauka a hankali, ta rungume tudun da kyau kamar ta sami wurin kwana.

Daidai nan tsohon bakaniken ya iso, don labari ya kai bakin titi. Ya tsaya hannu a baya.

"Babbar motar nan ta bidiyo, a ina ta maƙale?"

"A ƙarƙashin gada."

"Samanta ne ya taɓa ko ƙasanta?"

Na-Sani ya buɗe baki, ya rufe. Jama'a suka jira kalmar da suka saba ji, ba ta zo ba. Dariyar da aka yi sai da ta tayar da tantabarun rufin maƙwabta.

Bakaniken ya durƙusa ya leƙa, ya ce yanzu ko tafin hannu ba ya shiga, balle jak. Sai an kira motar ɗaga kaya, ita kuwa ba za ta samu ba sai yamma. Sifirin huɗu sun tafi, sai sababbi. Malam ya fito daga motar. Ya zauna a bakin kwata, ya riƙe bambar motarsa a cinya. Bai zagi kowa ba, bai ko dubi surukinsa ba, kuma wannan ya fi yi wa Na-Sani ciwo fiye da bakin mai ƙwai.

Sha biyu saura, tasi ta tsaya a bakin layi don jama'a sun tare hanya. Inna, mahaifiyar Auta da Na-Sani, ta fara fitowa da jaka da filas. Sai Auta, tana takawa a hankali, jariri a naɗe cikin farin tawul. Mutane suka dare. Ta zo ta tsaya a gaban motar. Ta dubi baƙaƙen gilasai, ta dubi tayoyin da suka lotse, ta dubi sawun takalmi a rufi, ta dubi mijinta da bamba a cinya. Sannan ta juya ta dubi yayanta, ta daɗe.

"Auta, abin da ya faru shi ne, tsakar gidan nan tana da gangara…"

"Na sani, Yaya."

Malam ya miƙe ya fara ba ta haƙuri. Ya ce alkawari ɗaya ya yi mata a shekara bakwai, shi ma ya kasa. Auta kuwa hankalinta yana wani wuri. Tana duban motar ne, yadda ƙofofin gaba suke waje, na baya suke cikin gida, ginshiƙi a tsakaninsu.

"Ajiye ƙarfen nan, Malam. Shiga ka zauna a wurinka."

Bai gane ba, amma ya saba bin maganarta, ya shiga ya riƙe sitiyari. Ta ce wa bakanike ya buɗe mata ɗaya ƙofar ya kwantar da kujerar har ƙasa. Ta shiga a hankali ta zauna a kan yadin labule mai furanni, ta gyara wa jaririn tawul, ta juyo da fuskarsa wajen ubansa.

"Ga motar babanka," ta ce masa. "Mu je gida."

Idanun Malam suka kawo ruwa. Ƙafarsa ta taka birki ba da saninsa ba, hon ya ɓarke da kiɗa, layin gaba ɗaya ya ɗauki tafi da sowa, jariri ya farka ya tsala kuka. Auta ta ja jiki ta koma kujerar baya, mai ƙwai ta sauke kiret ta buɗe mata ƙofa daga ciki, ta karɓi yaron, ta taimaka mata ta sauka a tsakar gida. Inna ta bi ta hanyar da jaka da filas tana sa wa kowa albarka ban da mutum ɗaya. Tafiyar ba ta kai taki huɗu ba, amma a motar ubansa ya shiga gida, kuma layi guda ne shaida.

Jin tafin nan ne ya dawo wa Na-Sani da ransa. Ya gyara tef a wuya, ya fara shaida wa na kusa da shi cewa dama irin wannan shiga ba kowace mota ke iya ta ba. Ya cusa kansa ta ƙofar gaba, ya maƙale a tsakanin kujeru, sai da bakanike ya tura shi daga baya ya faɗo tsakar gida da hannu bibbiyu. Ya miƙe ya karkaɗe riga, ya nufi baranda inda Auta ta zauna mata sun kewaye ta. Ya leƙa jaririn, ya yi masa addu'a, sannan ya karkata kai ya rufe ido ɗaya. Ya ce yaro kam masha Allah, sai dai kamar ƙafar nan ta hagu ta ɗan fi ta dama. Ya zaro tef daga wuya.

Auta ta janye ɗanta ta rufe masa ƙafafu da tawul.

"Mayar da tef ɗin nan, Yaya. Tsawonsa ya yi mana daidai."